Bashin da shirun ofis ya tara wa masu jinya a Birtaniya

Duk wanda ya taɓa jinyar uwa ko uba ya san aikin ba shi da lokacin tashi. Kai ne mai ɗagawa, kai ne mai kwantarwa, kai ne mai sauya zanen gado da tsakar dare, kai ne mai ƙirga ƙwayoyin magani kana addu'ar kada ka rikita na safe da na yamma. Barcinka rabi da rabi ne, kunne ɗaya yana ɗakin mara lafiya. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna akwai kimanin mutum miliyan 5 a Ingila da Wales da ke irin wannan ɗawainiya ga wani nasu ba tare da albashi ba. Wani bincike da ƙungiyar Carers UK ta yi tare da masana a Jami'ar Sheffield ya kiyasta cewa da biyan kuɗi ake yi, aikin nan zai ci fam biliyan 162 a shekara, kusan daidai da abin da ake kashewa kan hukumar lafiya ta NHS a yankunan biyu.

Waɗannan mutane ne gwamnati ta wayi gari tana bin dubbai daga cikinsu bashi, wasu har gaban alƙali.

Akwai wani alawus da gwamnatin Birtaniya ke ba mai jinya, sunansa Carer's Allowance, kuma ma'aikatar ayyuka da fansho, wadda kowa ke kira DWP, ita ke biya. Sharaɗinsa shi ne mutum ya riƙa kula da naƙasasshe ko mara lafiya aƙalla awa 35 a mako, kuma shi wanda ake kula da shi ya kasance yana karɓar ɗaya daga cikin tallafin naƙasa da aka amince da su. A shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025 alawus ɗin fam 81.90 ne a mako. In ka raba shi kan awa 35, awa ɗaya ta tashi fam 2.34, a ƙasar da mafi ƙarancin ladan awa ɗaya ga babban ma'aikaci a lokacin ya kai fam 11.44. Ba wanda zai iya riƙe gida da wannan. Saboda haka da yawa daga masu jinya sukan haɗa da ɗan aikin wucin gadi, a kanti ko a kicin ɗin makaranta ko sharar ofis, a 'yan awannin da wani ya karɓe su.

A nan ne aka haƙa rijiyar. Doka ta yarda mai karɓar alawus ya yi aiki, amma kada abin da yake samu ya wuce wata iyaka a mako, bayan an cire haraji da wasu 'yan abubuwa. A waccan shekarar iyakar fam 151 ce. Wanda ya samu 151 cif, alawus ɗinsa na nan cikakke. Wanda ya ɗara da kwabo ɗaya, alawus ɗin makon gaba ɗaya ya zama ba haƙƙinsa ba, sai ya mayar da fam 81.90. Ba a rage masa daidai da abin da ya ɗara, kamar yadda ake yi a babban tallafin Universal Credit, inda ake zabge kwabo 55 daga kowane fam ɗaya da mutum ya samu. Wanda ya wuce iyaka da fam ɗaya kowane mako har shekara ta zagayo, ribarsa fam 52, bashin da za a ɗora masa fam 4,258.80.

Mu ɗauki misali, domin lissafi a takarda ba ya nuna yadda abin ke faruwa a cikin gida. A ce mace ce mai shekara hamsin da ɗoriya, tana jinyar mahaifiyarta da ciwon mantuwa ya kama. Tana aiki awa 13 a mako a wani kanti, ana biyanta fam 11.44 kowace awa, jimla fam 148.72. Tana ƙarƙashin iyaka da fam biyu da 'yan kwabbai. Wata ranar Asabar abokiyar aikinta ba ta zo ba, manaja ya roƙe ta ta ƙara awa ɗaya kafin a rufe. Ta duba agogo, ta san maƙwabciyar da ke zaune da tsohuwa za ta iya haƙuri, ta ce to. Kuɗin makon ya zama fam 160.16. Ta yi aikin fam 11.44, ta yi asarar fam 81.90, kuma ba ta sani ba, domin ranar biya alawus ya shigo asusunta kamar kullum. Haka zai ci gaba da shigowa. Irin wannan Asabar ɗin za ta maimaitu, ga kuɗin hutu da akan haɗa wa ma'aikaci a wata guda, ga ɗan ihsanin Kirsimeti, ga ƙarin albashin da gwamnati da kanta ke yi duk watan Afrilu. Sai bayan shekara uku ko huɗu ambulan mai ruwan ƙasa, irin wanda DWP ke aiko da wasiƙunta a ciki, ya faɗo ta ramin ƙofa. Ta buɗe shi a tsaye a kicin, shayin tsohuwa yana kan wuta. A ciki an jero makonni ɗaya bayan ɗaya, a ƙasa an rubuta jimla mai lamba huɗu, an ce ta gaza sanar da ofis canjin da aka samu a halin da take ciki.

Wannan jimla ta “gaza sanarwa” ita ce ginshiƙin hujjar gwamnati tsawon shekaru. Kuma a kan takarda gaskiya ce: wanda ya nemi alawus ya sa hannu cewa zai faɗa idan samunsa ya canza. Sai dai kafin ka ce mutum ya ɓoye abu, ya kamata ka tabbatar yana da hanyar sanin abin. Iyakar ta mako ce, mafi yawan ma'aikata kuma wata-wata ake biyansu. Daga abin da aka biya ana cire haraji da kuɗin inshorar ƙasa da rabin abin da mutum ya zuba a asusun fansho da wasu kuɗaɗen da aikin ya ci, har da wani kaso na ladan wanda aka ɗauka ya zauna da mara lafiya idan ba ɗan'uwa na kusa ba ne. Ga wanda awanninsa ke hawa da sauka, dokar 1996 da ta tsara yadda ake lissafin samu ta ba da damar a haɗa makonni a fitar da matsakaici, ta yadda mako mai yawa da mako mai kaɗan za su daidaita juna. Amma yaushe za a yi haka, kuma makonni nawa za a haɗa, wannan yana hannun jami'in da ke duba fayil. Mai jinya ba shi da yadda zai zauna da biro ya san ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Wasu kuma sun sanar, amma ɓangaren Universal Credit suka faɗa wa, suna zaton tunda ma'aikata ɗaya ce, kunne ma ɗaya ne. Ashe maganar ba ta ƙetarawa zuwa ɓangaren alawus ɗin jinya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ofis ya sani. A Birtaniya duk lokacin da mai kamfani ya biya albashi yana aika bayanin ga hukumar haraji ta HMRC nan take. Tun wajajen 2018 DWP ke da tsarin da kwamfuta ke ɗauko wannan bayani, ta ɗaga tuta idan samun wani mai karɓar alawus ya yi kama da ya wuce iyaka. Wato a watan da matar can ta ƙara awa ɗaya, akwai yiwuwar sunanta ya bayyana a allon wani ofis. Da an kira ta a waya a makon, bashin bai fi na mako ɗaya ko biyu ba, ta biya, ta gyara awanninta, magana ta mutu. Amma ma'aikatar ba ta sa isassun ma'aikata a kan aikin ba, kusan rabin tutocin kawai ake dubawa. Sauran suna nan a jibge, kuɗi na ci gaba da fita, bashi na ci gaba da hawa kan mutumin da bai san ana tara masa ba. Kuskuren farko na iya zama na mai jinya. Girman bashin kuwa, daga fam tamanin zuwa fam dubu biyar ko goma, shirun ofis ne ya gina shi, kuma mai jinya aka miƙa wa takardar biya shi kaɗai.

Ba kuma za a ce ba a yi gargaɗi ba. Wani ma'aikacin DWP da ke sashen ya daɗe yana kai ƙorafi a ciki, da ya ga ba a ji sai ya kai ga 'yan majalisa. An sallame shi daga aiki, daga baya aka mayar da shi. A 2019 ofishin babban mai binciken kuɗin gwamnati, NAO, ya fitar da rahoto kan lamarin, kwamitin majalisar dokoki mai sa ido kan ma'aikatar shi ma ya fitar da nasa a shekarar, yana cewa ana azabtar da mutane kan kuskuren da ba da gangan suka yi ba, alhali gazawar ma'aikatar ce ta bar shi ya girma. Manyan jami'ai suka ce sabon tsarin kwamfuta zai magance matsalar. Da NAO ya koma ya duba a Disambar 2024, sai ya tarar bashin da ake bin masu jinya ya tashi daga kimanin fam miliyan 150 a shekarar 2018 zuwa 2019 ya haura fam miliyan 250 a shekarar 2023 zuwa 2024, a kan mutum sama da 136,000. Fiye da rabin sababbin basussukan da ake ganowa na wuce iyakar samu ne. Shekara biyar bayan alkawarin gyara, ramin ƙara zurfi ya yi.

Yadda ake karɓar kuɗin ma wani ciwo ne. Ana iya zabge shi kai tsaye daga tallafin da mutum ke karɓa, ko daga albashinsa ta hannun mai kamfani. Dubbai an ƙara musu tarar fam 50 bisa zargin sakaci. Idan kuɗin ya yi yawa akan kira mutum a yi masa tambayoyi ana naɗar murya, bayan an karanta masa gargaɗin da ake karanta wa wanda ake tuhuma da laifi. Ɗaruruwa sun gurfana a kotu da tuhumar zamba. Binciken da jaridar Guardian ta shiga yi a 2024, wanda shi ya tayar da ƙurar da ta kai ga gwamnati ta motsa, ya fito da labarin wata mata da ta yi jinyar mahaifiyarta tana ɗan aiki a kanti. Bayan rasuwar uwar, aka yi amfani da dokar ƙwace dukiyar da aka tara ta hanyar laifi, dokar da aka fi saninta a shari'ar dillalan ƙwaya da manyan 'yan damfara, aka karɓe gadon kusan fam 16,000 da aka bar mata. Wani magidanci mai kula da ɗansa sai da ya sayar da gidansa ya biya. Lauyoyi da ƙungiyoyin masu jinya sun sha faɗin cewa wasu na amsa laifi ne kawai don shari'a ta ƙare su koma gida, saboda akwai wanda ke kwance yana jiransu.

Mu Hausawa mukan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma akwai bambanci tsakanin bashin da ka je da ƙafarka ka ci da wanda aka ce ka ci alhali ba ka sani ba, aka kuma haɗa maka da sunan macuci. Mutanen nan da yawansu ba su taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba. Mutuncinsu shi ne jarinsu, kuma abin da suke taƙama da shi a zuci shi ne ba su kai iyayensu gidan tsofaffi ba, sun riƙe su da hannunsu. Irin wannan mutum idan aka aiko masa da takarda mai ɗauke da kalmar zamba, kunyar ta fi kuɗin nauyi. Wasu sun ɓoye wa iyalinsu. Wasu barci ya ƙaurace musu, wasu sun kai ga tunanin kashe kansu. Akwai kuma wata asara da ba ta shiga lissafin kowa: masu jinya da yawa sun rage awannin aiki, ko sun ƙi ƙarin girma, ko sun ajiye aikin ɗungurum don tsoron sake faɗawa. Alhali ɗan aikin nan shi ne kaɗai wurin da suke fita su ga mutane, su yi hira da wanda ba mara lafiya ba, su ji ana kiransu da sunansu. Gwamnatin da kullum ke kira ga jama'a su fita su nemi aiki, ita ce ƙa'idarta ke kora su gida.

Kuma yawancinsu mata ne, fiye da kashi biyu cikin uku na masu karɓar alawus ɗin. Tarihinsa ma ya nuna yadda aka ɗauki aikinsu tun farko. Da aka ƙirƙiro shi a 1976, matar aure ba ta da haƙƙin karɓa, bisa tunanin cewa ai dama tana gida, jinya aikinta ne. Sai a 1986, bayan wata mata da ta bar aiki don kula da mahaifiyarta ta kai ƙara har kotun Turai ta yi nasara, aka buɗe wa matan aure ƙofa. An gina alawus ɗin ne a kan hoton mutumin da ko dai yana aiki ko yana jinya. Duniyar aiki ta sauya, ta cika da kwantiragin da ba shi da tsayayyun awanni, inda wannan makon a kira ka sau huɗu, mako mai zuwa sau ɗaya, amma ƙa'idar tana nan yadda take.

Akwai masu cewa kuɗin jama'a ne, wanda aka biya bisa kuskure dole ya dawo, in ba haka ba an zalunci mai biyan haraji da kuma mai jinyar da ya kiyaye doka. Ban raina wannan magana ba. Akwai waɗanda suka san sun wuce iyaka nesa ba kusa ba suka yi gum, kuma ba wanda ya ce a yafe musu. Amma hukumar da ke son a riƙe amanar kuɗin jama'a ita ya fi kamata ta tsayar da biyan kuskure a watan farko, tunda bayanin yana hannunta. Barin kuɗi ya yi ta zuba shekara da shekaru, sannan a kashe wani kuɗin wajen bincike da shari'a da bin bashin da za a yi shekara goma ana tsinta kaɗan-kaɗan daga aljihun talaka, wannan ba tattali ba ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: mai jinya ya ɗauke wa hukuma nauyin da zai ci mata dubban fam a gidan kula da tsofaffi, sannan shi ne a gaban alƙali.

Ba Birtaniya kaɗai ta taka wannan sawu ba. A Ostireliya, shirin da aka yi wa laƙabi da Robodebt ya riƙa ɗaukar samun mutum na shekara ya raba shi daidai kan makonni, ya ƙirƙiro bashin da babu shi, har hukumar bincike ta musamman ta yi tir da shi a 2023 ta ce ya saɓa wa doka. A can an yi matsakaici inda bai kamata ba, a Birtaniya an ƙi yin sa inda ya kamata. A Holan kuwa, zargin zamba da aka yi wa dubban iyaye kan tallafin renon yara shi ya sa gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021.

Bayan jam'iyyar Labour ta karɓi mulki, ministar ma'aikatar DWP ta lokacin, Liz Kendall, ta sanar a Oktoban 2024 cewa za a yi bincike mai zaman kansa, aka damƙa shi ga Liz Sayce, tsohuwar shugabar ƙungiyar Disability Rights UK. A kasafin kuɗin watan, ministar kuɗi Rachel Reeves ta ɗaga iyakar samu zuwa daidai da ladan awa 16 a mafi ƙarancin albashi, wato fam 196 a mako daga Afrilun 2025. Rahoton Sayce ya fito a Nuwamban 2025, kuma ya tabbatar da abin da masu jinya suka daɗe suna faɗa ba a saurare su ba: matsalar ba ta sakacin ɗaiɗaikun mutane ba ce, tsarin ne ya hana su sanin abin da ake so su sanar. Ya gano cewa tun daga 2015 umarnin cikin gida da ma'aikatar ta ba jami'anta kan fitar da matsakaicin samu bai dace da dokar da ke ƙasa ba, ya ƙuntata abin da doka ta sassauta. Ma'ana, wasu daga cikin basussukan da aka yi shekara goma ana bi da tara da barazana, tun asali ba bashi ba ne.

Gwamnati, ta bakin Pat McFadden da ya gaji kujerar Kendall, ta karɓi mafi yawan shawarwarin, ta kuma yi alkawarin sake duba fayilolin da matsalar matsakaici ta shafa daga 2015 zuwa 2025, a soke bashi ko a rage, a mayar wa wanda ya riga ya biya. Ta ce daga yanzu za a riƙa duba duk tutocin da kwamfuta ta ɗaga. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma masu jinyar da suka cire kunya suka fito a jarida da talabijin suka faɗi abin da ya same su, su suka jawo shi. Sai dai da sauran rina a kaba. Mayar da kuɗi ba diyya ba ce. Wanda ya sayar da gida, gidan ya tafi. Wadda ta bar aiki a 2017 don tsoro ta yi asarar albashi da fanshon shekarun nan. Wanda kotu ta yanke wa hukunci yana yawo da tabon a duk takardar neman aikin da zai cike. Wanda kuma samunsa tsayayye ne, ya ɗara iyaka da 'yan kwabbai kowane mako ba tare da hawa da sauka ba, sake dubawar ba lallai ta taɓa bashinsa ba, duk da cewa shi ma shirun ofis ne ya bar nasa ya taru.

Ga 'yan'uwanmu da ke zaune a can, wanda bizarsa ta hana shi cin tallafin gwamnati wannan alawus bai shafe shi ba. Wanda kuwa ya samu izinin zama na dindindin ko ya zama ɗan ƙasa, yake kula da tsoho ko yaro mai lalura yana karɓar alawus ɗin, ya adana takardar albashinsa ta kowane wata, ya sanar da sashen alawus ɗin kansa duk wani canji a rubuce, ya ajiye shaidar ranar da ya sanar.

Domin bakin rijiyar matsar da shi aka yi, ba a rufe ba. Gwamnati ta ce tana nazarin yadda za a koma rage alawus sannu a hankali maimakon yanke shi gaba ɗaya, amma ta ce sauya tsohuwar na'urar biyan kuɗin zai ɗauki lokaci. Mu koma ga matar can ta kanti a ƙarƙashin ƙa'idar Afrilun 2025. A shekarar tana iya yin awa 16 a kan fam 12.21, ta tashi da fam 195.36, saura kwabo 64 ta taɓa iyaka. Ranar Asabar ɗin da manaja zai sake roƙonta ta ƙara awa ɗaya, kuɗin makon zai zama fam 207.57, kuma in jami'in da fayil ɗinta ya faɗa hannunsa bai haɗa mata makonni ba, fam 83.30 na alawus ɗin wannan makon ya zama bashi a kanta.